Garin da ya buɗe wa jama'arsa zaure a kwamfuta tun 1989: yanda aka faro da yanda ta kaya

Yanda garin yake kafin 1989

Sunan garin Santa Monica, ƙarami ne, yana bakin tekun Pasifik a jihar Kalifoniya ta Amurka, birnin Los Anjeles ya zagaye shi ta gefe uku teku ta tare na huɗun. Faɗinsa gaba ɗaya murabba'in mil 8 ne da 'yan kai, mutanensa kuma a ƙidayar 1990 kusan 87,000. Kansiloli bakwai ke mulkinsa, a cikinsu suke fitar da wanda zai riƙe magajin gari, amma aikin yau da kullum yana hannun wani manaja ne da majalisar ke ɗauka. Kansilolin nan ba wai aikinsu kenan kacokan ba, kowa na da sana'arsa da rana, sai daren Talata su zauna, zaman da sau tari yakan wuce sha biyun dare, gidan rediyon kwalejin garin na watsawa kai tsaye.

Mutanen garin akwai son siyasa da gardama. Mafi yawansu 'yan haya ne, a 1979 suka kaɗa ƙuri'a aka kafa dokar ƙayyade kuɗin haya mai tsaurin gaske, tun daga nan masu gidaje da 'yan haya suka ja daga, har masu adawa suna yi wa garin ba'a suna kiransa "Jamhuriyar Jama'a", wai kamar ƙasar 'yan gurguzu.

Toh a shekarun 1980 sai ga matsalar marasa matsuguni ta taso gadan-gadan. Gwamnatin tarayya zamanin Reagan ta zaftare kuɗin gidaje masu rahusa, dama an daɗe ana rage asibitocin masu taɓin hankali na jiha ana sallamar mutane ba tare da an tanadar musu wajen zuwa ba, ga tsadar haya. Shi kuma garin nan babu sanyin da zai kashe mutum, ga rairayin bakin teku, ga filayen shaƙatawa, ga hukuma mai sassauci, dan haka suka yi ta taruwa. 'Yan kasuwa na kukan ana kore musu masu saye, iyaye na cewa sun daina kai yara filin wasa, wasu kuma na cewa ai bayin Allah ne a taimaka musu.

Matsalar da za mu bi a nan ba ita kanta rashin matsugunin bace, a'a, rashin wajen da za a zauna a yi maganar ne. Hanyar da ake da ita ita ce ka je zaman majalisa ka jira har tsakar dare a ba ka 'yan mintoci ka faɗi naka ka zauna, ba mai amsa maka, ko ka rubuta wasiƙa ga jarida, ko ka buga waya ofis. Mai aikin dare ba zai je ba, mai jego ba za ta je ba. Su kuwa waɗanda ake ta magana a kansu, masu kwana a titi, kusan ba a taɓa jin bakinsu.

Fabrairu 1989: an kunna na'ura

Ma'aikatan gari da kansiloli dama suna da hanyar aika wa juna saƙo ta kwamfuta a cikin gida tun 'yan shekaru kafin nan, sun kuma ga amfaninta. Sai daraktan sashen kwamfuta na garin ya kawo shawarar me zai hana a buɗe wa jama'a su ma. Kamfanin Hewlett-Packard ya bada kyautar kayan aiki na kimanin dala 350,000, wani ƙaramin kamfani mai suna Metasystems Design Group ya bada manhajar tattaunawa. A watan Fabrairun 1989 aka kunna tsarin, aka raɗa masa suna PEN, wato Public Electronic Network, hanyar sadarwar jama'a ta kwamfuta.

Ya kamata mai karatu ya tuna wane zamani ake magana. Ba Facebook ba WhatsApp, shi kansa yanar gizon da muka sani a watan Maris na shekarar ne Tim Berners-Lee ya rubuta takardar shawarar ƙirƙiro shi a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, bai ma zama komai ba tukuna. Za ka haɗa kwamfutarka da layin tarho na gida ta na'urar modem, ta yi ta ƙara, sannan rubutu ya fara fitowa layi-layi, ba hoto ba murya. Akwai wasu wuraren hira ta kwamfuta irinsu CompuServe na kuɗi, akwai WELL da aka kafa 1985 shi ma na kuɗi, akwai Cleveland Free-Net na 1986 wanda kyauta ne amma a jami'a aka haife shi. Abun da ya bambanta PEN shine gwamnatin gari ce da kanta ta kafa, da kuɗin jama'a take riƙe shi, kuma ta ce ku zo ku yi magana da mu ku yi da junanku.

Ɓangare uku aka yi masa. Na farko wajen karatu kawai, ajandar zaman majalisa, rahotannin ma'aikata, yanda ake neman lasisi, lokutan bas da sauransu. Na biyu akwatin saƙo, ka aika wa ofis ko kansila ko maƙwabcinka. Na ukun shine zaurukan muhawara, kowane zaure da maudu'insa, ilimi, laifuka, tsara gari, muhalli, marasa matsuguni, mutum ya rubuta nasa wani ya zo bayan awa biyar ya amsa, komai na nan a jere ba ya gogewa.

Sannan akwai matakai huɗu da aka ɗauka tun ranar farko waɗanda duk abun da ya biyo baya daga cikinsu ya fito. Kyauta ne ga mazauna garin. Dole ka yi rajista da sunanka na gaskiya, kuma sunan zai fito a kan duk abun da ka rubuta. An ajiye kwamfutocin jama'a a laburare da cibiyoyin unguwa da gine-ginen hukuma, wajen guda ashirin, saboda wanda bashi da ita a gida. Na huɗun, hukuma ta ce ba za ta tace maganar kowa ba, saboda gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati tauye 'yancin magana, kuma tunda zauren nata ne, in ta goge maganar mutum dan bata mata daɗi ba kotu za su haɗu.

Watannin farko

Masu shirin sun zaci ɓangaren bayanai ne zai fi jan mutane. Ashe ba haka ba, hira mutane ke so. Zaurukan muhawara da saƙon juna su suka cinye mafi yawan lokacin da ake ɓatawa a kai, kuma ba siyasa kaɗai ba, har zancen finafinai da wasanni da addini da tarbiyyar yara. Wasu kansiloli suka shigo da kansu suna amsa tambaya, abun da ya burge mutane ƙwarai, ka rubuta ƙorafi da daddare ka wayi gari ka ga amsar kansila a ƙarƙashi kowa na gani.

Kwamfutocin laburaren nan kuma suka yi aikin da ya wuce tsammani. Masu binciken jami'ar Kudancin Kalifoniya, cikinsu har da masanin sadarwa Everett Rogers, sun bi diddigin tsarin, kuma an gano wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na shigar da ake yi daga kwamfutocin jama'a ne. Mata sun kai wajen kashi 30 cikin 100 na masu rajista, wanda a wancan zamanin adadi ne babba dan irin waɗannan wurare kusan na maza ne zalla. Sai kuma marasa matsuguni, waɗanda dama laburare ne wajen wuninsu tunda nan ne ba a korarsu, suka ga kwamfuta ba kowa a kai suka yi rajista suka zauna.

Yuli 1989 zuwa 1990: wanka, wanki da loka

Zauren marasa matsuguni shi ya fi kowane zafi. Da farko irin maganganun da aka saba ne, wannan ya ce malalata ne su nemi aiki, wancan ya ce gwamnati ce ta jefa su, ana ta zagaye waje ɗaya. Bambancin kawai wannan karon waɗanda ake zancen suna ciki suna karantawa, kuma suna amsawa. A rubutu ba a ganin dattin riga ba a jin wari, sunanka ne kawai da hujjarka. Akwai waɗanda suka yi makonni suna musayar ra'ayi da mutum suna jinjina masa kafin su gane a titi yake kwana. Ɗaya daga cikin marasa matsugunin ya sha bayyana cewa a hanya mutane kauda kai suke in sun gan shi, amma a nan ana amsa masa kamar kowa.

A watan Yulin 1989 wasu daga cikin masu rubutun suka gaji da magana kawai suka kafa ƙungiyar aiki, suka fara haɗuwa ido da ido lokaci-lokaci, masu gida da marasa gida a ɗaki ɗaya, malamar jami'a na ciki, mai zane na ciki, sannan su koma kwamfuta su ci gaba daga inda suka tsaya. Tambayar da suka sa a gaba ƙarama ce, ba su ce za su kawo ƙarshen rashin matsuguni ba. Sun tambaya ne, mutumin da ke titi in yana son neman aiki gobe da safe me ke tare shi?

Amsar daga bakin masu abun ta fito, kuma ba abun da wani ƙwararre ya kawo a rahoto bane. Na ɗaya wanka. Akwai shawa a filayen shaƙatawa na gari amma ba a buɗewa sai tsakar rana, shi kuwa mai ɗaukar ma'aikata da safe yake ganin mutane. Na biyu wanki, ko ka yi wanka in kayan jiya za ka mayar aikin banza ne. Na uku wajen ajiya, dan ba yanda za ka shiga ofishin mutane neman aiki da bargonka da ƙullin kayanka a kafaɗa, in kuma ka ɓoye su a bayan shuke-shuke kafin ka dawo an kwashe. Ƙungiyoyin agaji ma suna gudun bada loka, wato akwatin ajiya mai makulli, saboda ba sa son ɗaukar alhakin abun da za a zuba a ciki. Waɗannan ukun suka harhaɗa suka kira shirin SHWASHLOCK, daga farkon kalmomin Turanci na shawa da injin wanki da loka.

Daga nan aikin ya zama na wahala irin wanda ba a yi masa tafi. Suka raba kansu, wani ya je ya ga masu ƙungiyoyin agaji, wani ya binciko nawa za a kashe, wani ya nemo ko akwai ginin da zai yi, ana kawo rahoto a zaure ana gyarawa. An yi ta samun cikas, neman waje musamman, dan kowace unguwa na son a taimaki marasa gida amma ba a bayan katangarta ba. Watanni aka kwashe a haka. Amfanin kwamfutar a nan shine maganar bata mutuwa tsakanin taro da taro, wanda bai zo ba zai karanta, wanda ya yi alkawari kuma rubutunsa na nan da sunansa a kai.

A 1990, lokacin da ake shirin kasafin kuɗi, suka kai rubutacciyar buƙata gaban majalisa. Majalisa ta ware dala 150,000 dan a samar da loka da shawa, ciki har da na ƙarƙashin wata doguwar gada ta garin da ta shiga cikin teku, aka kuma yarda a riƙa buɗe shawar jama'a tun ƙarfe 6 na safe. Daga baya wata tsohuwar ƙungiyar agaji ta garin ta karɓi shirin ta ci gaba da gudanar da shi shekaru masu yawa da wannan sunan. An kuma yi ƙoƙarin haɗa shi da wajen neman guraben aiki ta kwamfuta.

1990: rigimar otel

A shekarar dai wata rigima ta taso. Akwai wani fili a bakin teku mallakar jiha amma gari ke kula da shi, tsohon gidan alfarma ne da attajirin jaridu William Randolph Hearst ya gina a shekarun 1920. Wani mai gidan abinci sananne ya nemi ya gina otel na masu kuɗi a wajen, majalisa ta amince. Aka ce wa mutanen PEN ga fili ga mai doki. An yi rubutu ba adadi, masu goyon baya na lissafin harajin da gari zai samu, masu adawa na cewa bakin teku na kowa ne ba na mai iya biyan ɗaki ba, kuma adawar ta fi yawa a zauren nesa ba kusa ba. A watan Nuwamba aka je ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka soke aikin otel ɗin, suka kuma amince da dokar hana gina sabbin otel a bakin tekun.

Ba za a ce zauren ne ya kayar da otel ɗin ba, masu rubutu a ciki 'yan ƙalilan ne in aka kwatanta da masu zaɓe, kuma an yi kamfe a waje sosai gida-gida. Abun da za a iya cewa kawai shine zauren ya nuna inda iska ke kaɗawa tun kafin kansilolin su farga. Wajen kuwa girgizar ƙasar Janairun 1994 ta lalata shi ya zauna kara zube, sai a 2009 aka buɗe shi a matsayin wajen shaƙatawar jama'a.

1990 zuwa 1992: zauren ya fara tsami

A takarda abun na ta bunƙasa, masu rajista sun haura 4,000 a farkon shekarun 1990, wajen kashi 5 cikin 100 na mutanen gari kenan. Amma waɗanda ke shiga a wata 'yan ɗaruruwa ne, masu rubutu kullum kuwa ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma a cikin 'yan gomomin nan akwai waɗanda kamar ba su da wani aiki a duniya sai wannan. Mutum ɗaya zai zuba rubutu goma sha a zaure guda kafin wani ya tofa ɗaya. Wanda ya shigo sau ɗaya a mako sai ya tarar da tulin rubutun da sai ya bi su duka kafin ya gane inda aka kwana, galibi kuma faɗan mutum biyu ne da ya samo asali tun watan jiya. Sai ya kashe ya tafi.

Zagi ya yi yawa. An zaci tunda kowa da sunansa na gaskiya za a ji kunya, kuma gaskiya ya rage wani abun, amma akwai mutanen da ko a jikinsu. Mata suka fi shan wahala, wasu samari suka sa su a gaba da maganganun batsa da cin mutunci, har da rubuta ƙagaggun labarai na ƙazanta da cin zarafi suna saka haruffan farko na sunayen matan da kowa ya san su waye. Matan suka kai ƙara, hukuma ta ce hannunta a ɗaure yake matuƙar maganar bata kai matsayin laifi a doka ba.

Kansilolin kuma ɗaya bayan ɗaya suka janye. Dalilin a fili yake, mutum ya dawo daga aiki a gajiye ya zauna ya amsa tambaya tsakani da Allah, sai a yi masa caa, a kira shi ɓarawo a kira shi karen 'yan kasuwa, duk kalmar da ya rubuta kuma tana nan ajiye za a iya zaro ta ranar zaɓe. Ga kuma wani shinge na doka, Kalifoniya na da dokar Brown ta 1953 wadda ta hana mafi rinjayen 'yan majalisar gari tattauna harkar hukuma a wajen zaman da aka sanar wa jama'a, ma'ana a majalisar mutum bakwai in huɗu suka tsunduma cikin muhawara ɗaya a kwamfuta sun shiga hurumin da lauya zai ɗaga gira. Da suka fice sai zauren ya rasa babban abun da ya kawo mutane tun farko. Ya koma kamar majalisar ƙofar gida da dattawa suka tashi suka bar wa masu baki, kowa na ɗaga murya ba mai cewa ya isa.

A waje ma siyasar marasa matsugunin ta juya. Jama'a suka ƙosa, majalisa ta fara karkata ga dokokin takurawa, har a 1992 ta sallami lauyan gari saboda ya ƙi rubuta dokar da yake ganin zaluntar marasa gida ce. Zauren bai hana wannan ba.

Gyare-gyaren da aka gwada

Na farko shine nasiha, masu amfani da tsarin suka kafa ƙungiyarsu suna roƙon a yi ladabi, suna cewa a daina kula masu zagi za su gaji. Ba su gaji ba. Ko mutum tara sun yi shiru na goma zai tanka, shikenan an koma gidan jiya.

Matan kuwa ba su tsaya jiran hukuma ba, suka kafa nasu rukunin mai suna PEN Femme, suna mara wa juna baya, suna haɗuwa, suna ƙin amsa wa masu tsokana. Wannan ya riƙe mata da dama da sun riga sun yi niyyar tafiya, sai dai bai gyara babban zauren ba, ya dai samar musu inuwa a gefe.

Sai wajajen 1993 hukuma ta taɓa tsarin da kanta. Tunda ba ta da ikon hana mutum faɗin ra'ayinsa, sai ta bi ta inda dokar Amurka ta yarda, wato gwamnati na iya tsara lokaci da waje da yanayin magana matuƙar bata duba me ake faɗa ba. Aka sa iyaka kan yawan rubutun da mutum zai yi da tsawonsa, aka kuma gwada zaurukan da ke da mai jagoranta. Hayaniya ta ragu. Amma tsofaffin 'yan ciki suka ce an toshe musu baki, waɗanda suka riga suka gudu kuma ba su dawo ba, dan wanda aka zaga a bainar jama'a ba sanarwar sabuwar ƙa'ida ce za ta dawo da shi ba.

1993 zuwa gaba

Ana cikin haka duniya ta canza. Manhajar Mosaic ta buɗe shafukan intanet ta fito a 1993, yanar gizo mai hotuna ya bazu, kamfanoni irinsu America Online suka cika gidaje, mai son hira ya samu dubban wurare da suka fi PEN kyau da faɗi. Hukumar garin ta mayar da hankali ga ɓangaren da bashi da rigima, wato bada bayanai da cike fom da sabunta lasisi da biyan kuɗi, ta kwashe su zuwa shafinta na intanet. Zaurukan muhawara suka yi ta ƙanƙancewa har suka zama tarihi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a tafiyar tun farkonta ya ci zaɓen kansila a 1998, daga baya har ya riƙe magajin gari. Matsalar marasa matsuguni kuwa har gobe tana nan a garin da ma yankin Los Anjeles baki ɗaya.

Me ya yi aiki, me bai yi ba, kuma me ya sa

A ganina abun da ya fi komai tasiri a duk labarin nan shine kwamfutocin laburare, kuma su ne aka fi rainawa lokacin tsarawa. Da ba dan su ba da zauren ya zama na masu kwamfuta a gida suna tattauna talakawa a bayan idonsu, kuma da ba wanda zai san shawa sai tsakar rana ake buɗewa, dan mai banɗaki a gidansa bashi da dalilin sani. Ba wayon na'ura ne ya samo wannan bayanin ba, an dai sa kujera ne a inda mai bayanin zai iya zama.

Shirin wanka da loka ya yi nasara ne saboda abubuwan da sauran zaurukan ba su da su. Tambayarsa ƙarama ce mai amsa, mutanensa sun ga fuskar juna dan haka da wuya ka zagi wanda kuka sha shayi tare makon jiya, akwai waɗanda suka ɗauki aiki a wuyansu, kuma sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa da lokacin da take buɗe, wato kasafin kuɗi. Kwamfutar ta riƙe musu zaren magana ne tsakanin taro da taro, ba ita ta yi taron ba. Sauran zaurukan an buɗe su ne da take kawai, "laifuka", "ilimi", ba ranar rufewa, ba wanda zai taƙaita abun da aka cimma, ba alkawarin cewa wani mai iko zai karanta. Muhawarar da ba ta da inda za ta je dole ta koma kan masu yinta.

Ban yarda da masu cewa sunan gaskiya na maganin rashin kunya ba, wannan garin ya gwada tun 1989 kuma an ga iyakarsa. Haka ban ga laifin kansilolin da suka gudu sosai ba, ba a tanadar musu komai ba, a zaman daren Talata akwai shugaba da guduma da agogo, a kwamfuta kuwa an tura su ne tsakiyar fili. Kuskuren da na fi gani shine jinkirin sa ƙa'ida. Iyakar yawan rubutu da mai jagorantar zaure da aka kawo bayan shekara huɗu, da tun ranar farko aka fara da su ba wanda zai kira su toshe baki, tunda da su aka tarar da wajen. Duk wanda ya taɓa riƙe gurup ɗin unguwa ko na tsofaffin ɗalibai a WhatsApp ya san bambancin dokar da aka shigo aka tarar da wadda aka ƙirƙiro bayan an yi faɗa.

Inda nake tausaya wa hukumar shine tarkon da ta shiga ba na wasa bane. Kasancewar zauren na gwamnati shi ya ba shi daraja, shi ya sa kansila ya shigo, shi ya sa aka ajiye kwamfuta a laburare kyauta, kuma shi ɗin dai ya hana a kori mai zagi. Da na kamfani ne da an kore shi cikin minti ɗaya, amma da ba wanda zai tilasta wa kamfanin ya bar mai kwana a titi ya shigo. Kotunan Amurka ma sun daɗe suna fama da wannan ƙullin, a 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce Shugaba Trump bashi da ikon toshe masu sukarsa a Twitter, sannan sai a watan Maris na 2024 Kotun Ƙoli ta fitar da ma'auni, a shari'ar wani manajan gari a jihar Mishigan da ya goge maganganun wani mazaunin garin ya kuma toshe shi a Facebook, inda ta ce sai in jami'in na da ikon magana da yawun hukuma kuma da wannan ikon yake rubutun sannan toshewar za ta zama aikin gwamnati.